Ɗan Kara a Birnin Hartum

A daren da zai bar Kara, ƙarshen shekarar 2014, ana tsakiyar yankan dawa, mutum uku ne suka yi masa guzuri, kowa da irin nasa. Mahaifinsa ya damƙa masa kuɗin da aka haɗa bayan an sayar da bijimi guda da buhunan gyaɗa, ya gargaɗe shi kada ya ci bashi, kada kuma ya yi shaida a kan abin da bai gani ba. Mahaifiyarsa ta ƙulla masa kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa mai yawa a leda uku, wata cikin wata, ta cusa a ƙasan akwati. Kakarsa kuwa, wadda ba ta kiransa da komai sai maigida, saƙo ta ba shi. Ta ce tana da wa, wanda ya tafi gabas a ƙasa tun zamanin Sarki Alhaji, daga shi sai sanda da buta da allo, bai dawo ba, ba a kuma aiko da labarin mutuwarsa ba. "Tun da can za ka, maigida, ka tambayo mini shi." Ya amsa da to, amma a ransa dariya yake yi. Tsohuwa ta ɗauki Sudan kamar kasuwar Getso, inda in ka tsaya a rumfar masu goro ka ambaci sunan mutum ba za a rasa wanda ya san shi ba.

Sudan ɗin da ke kansa daban ce, ta malamai ce. Tun yana sakandare a Gwarzo yake jin malaminsu na Larabci yana ba da labarin shehunnan Sudan da aka kawo Kano a 1934 domin su koyar a makarantar horar da alƙalai, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, da kuma ɗaliban Arewa da aka tura kwalejin Bakhtur-Ruda a 1954, cikinsu har da Malam Abubakar Mahmud Gumi. Jami'ar Afirka ta Duniya, inda ya sami gurbi, ta faro ne a 1977 da sunan Cibiyar Musulunci ta Afirka, ta zama jami'a a 1992, kuma ɗaliban Kano sun daɗe da sanin hanyarta. Burinsa shi ne ya je ya dawo da Larabci tsantsa da farar jallabiya, in ya shiga masallaci a riƙa matsa masa a sahun gaba. Ba abin zargi ba ne saurayi ɗan shekara ashirin ya yi irin wannan buri. Sai dai tun kafin ya tafi ya riga ya fara janye jiki daga mutanensa. Damina biyu a jere, duk ranar da aka kira gayya a unguwarsu sai karatu ya taso masa, ya shige ɗaki da littafi, ya bar ƙannensa su saɓi fartanya su wakilci gidan.

Motar da ta ɗauko shi daga Gwarzo ta bi ta Garo da Rimin Gado, ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ta sauke shi a Kabuga. Kashegari jirgi ya ɗaga da shi daga filin Malam Aminu Kano. Tafiyar da mutanen da suke yi wa tanadin shekaru, ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, ana yada zango ana noma ana ƙara gaba, shi ya yi ta cikin sa'o'i kaɗan yana gyangyaɗi.

Harshe ne ya fara karya masa gwiwa. A bakin filin jirgin Hartum ya tari mai tasi, ya jero masa jimla cikakkiya, mubtada'i da habari, kowane wasali a mazauninsa, irin wadda da a aji ne da malam ya sa an tafa masa. Direban ya saurare shi cikin natsuwa har ya kai aya, sannan ya ce sadaƙallahul azim, ya tuntsire da dariya. Da ya gama dariyar ya ce, "Dayir shinu, ya zol?" wato me kake so, bawan Allah. Ɗan Kara bai tsinci ko kalma guda ba. Shekara goma yana haddar nahawu, ga shi ya zo ƙasar Larabci yana magana da hannu kamar kurma.

Da ya kwana biyu ya gane cewa abin da ake kira Hartum garuruwa uku ne da ruwa ya raba, gadoji suka haɗa: Hartum ɗin kanta, da Umdurman, da Bahri. Wata Juma'a da la'asar abokan ɗakinsa, ɗan Somaliya da ɗan Indonesiya, suka kai shi Mukrin, inda Farin Nilu da ya taso daga kudu yake gamuwa da Shuɗin Nilu da ya gangaro daga tsaunukan Habasha. Ya daɗe yana kallon ruwan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowane da launinsa, kafin su gauraya. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne tsibirin Tuti da ke daura da wurin, inda ya hango mutane sun duƙa cikin lambu a tsakiyar babban birnin ƙasa, ba su da bambanci da masu noman rani a bakin madatsar Guzuguzu. Bai faɗa wa kowa ba. A lokacin duk abin da ya yi kama da gida ba ya son ya daɗe yana kallonsa.

Ga shi kuwa garin cike yake da irin waɗannan abubuwa. Abin da suke kira karkade zoɓo ne, aradeb tsamiya ce, gongolez kuka ce da ake jiƙawa a sha, weka kuwa garin busasshiyar kuɓewa ce da ake kaɗa miya da ita a ci da asida, wadda in ba a so a yi gardama ba sai a ce tuwo ne mai tsami. A ƙofar gidaje da gindin itatuwa akan jera randuna cike da ruwa, da moɗa a gefe, duk wanda ƙishirwa ta kama ya sha ya wuce, ba ya neman izinin kowa. A cikin bas ba a ihu. Kwandasta zai kaɗa yatsu ka miƙa kuɗi, in za ka sauka kai ma ka kaɗa naka yatsun, mota ta tsaya. Karin kumallo sai hantsi ya dubi ludayi, wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, kuma kusan kullum ful ne, wani babban wake da ake dafawa dare guda a tulun ƙarfe, a dagargaza shi da man riɗi a ci da burodi, mutum biyar ko shida a kwano ɗaya. Wanda ya zo wucewa ta gaban masu ci ba zai tsira ba sai an ce masa itfaddal, kuma ba irin bismillar da ake yi a baka ana addu'ar kada a amsa ba ce. Har riƙe hannun mutum suke yi. A kowace kusurwa akwai mace mai shayi zaune a kan 'yar kujera, da kurfoti da kwalabe na citta da kirfa da na'ana'a, maza sun kewaye ta, malamin jami'a da ɗan dako a benci guda. Wannan ya ba shi mamaki ƙwarai, domin a ƙasarsu shayi sana'ar maza ce.

Ranar da ya fara jin Hausa a titi, ƙamshi ne ya ja shi. Bayan magariba ne, kusa da babbar kasuwar da ke kudancin gari, ya ga mutum a bayan wuta ya kewaye ta da tsinkayen nama ja wur da ƙuli. Tsire ne, ba ko tantama. Ya tambayi sunansa da ɗan Larabcin kasuwar da ya fara koya, aka ce masa agashe. Yana cikin juya kalmar a bakinsa, a gashe, a gashe, sai mai naman ya waiga ya daka wa yaronsa tsawa da Hausa garau, ya ce ya kawo albasa. Ɗan Kara ya biya, ya karɓi namansa, ya yi godiya da Larabci, ya tafi.

Dalilin wannan shiru nasa ba boyayye ba ne. Cikin 'yan makonnin nan ya riga ya koyi wata kalma, Fallata, wadda ake yi wa duk wanda asalinsa ya fito daga yamma kuɗin goro da ita, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare, ya kuma lura da yadda wasu ke sauke murya ko su ɗan taɓe baki in za su faɗe ta. Mutanen nan ba jiya suka zo ba. Wasu jikokin alhazan ƙasa ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar zuwa ko ta dawowa. Wasu zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, inda garin da ya kafa kusa da Sinnar yake ɗauke da sunansa har yau. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, da guminsu aka yi noman da ya riƙe tattalin arzikin ƙasar shekaru da dama. Duk da haka ba a daina tambayarsu takardar shaidar zama ɗan ƙasa da wani irin kallo ba, kuma rikicin da ya ci rayukan mutane da yawa a jihar Shuɗin Nilu cikin Yulin 2022 ya nuna cewa maganar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ba ta mutu ba. Shi dai a 2015 bai san rabin wannan tarihi ba. Abin da ya sani shi ne, in aka tambaye shi ya ce shi ɗalibi ne daga Nijeriya, sai a girmama shi a matsayin baƙon ilmi. In kuwa aka ji Hausa a bakinsa, sai a haɗa shi da mai tsire da mai yankan farce da mai tallar gyaɗa. Ya zaɓi na farko. Daddawar mahaifiyarsa ma tana nan a ƙasan akwati bai kwance ta ba, tun ranar da ɗan Indonesiya ya shaƙi iska ya tambaya ko wani abu ya mutu a ɗakin.

Wani abokin karatunsa ɗan Umdurman, dogo mai yawan barkwanci, shi ya jawo shi cikin aikin sa-kai, kuma ba da wa'azi ba. Cewa ya yi in yana son Larabcin da ake magana da shi, ba na kabarin Sibawaihi ba, to ya biyo shi ranar Alhamis da dare. Inda ya kai shi wani titi ne a tsakiyar Hartum, a gefen asibitin yara, wanda ake kira Shari'ul Hawadis, wato titin ɗakin taimakon gaggawa. Samari da 'yan mata, yawancinsu ɗalibai, sun mai da wurin wata mai shayi ofishinsu. Ba su da ɗaki, ba su da allon suna, ba su da shugaba mai kujera. Uba zai fito daga asibiti da takardar magani ko ta gwaji a hannu, aljihu ba komai, sai a nuna masa su. Su duba takardar, su rubuta abin da ake bukata a shafinsu na Facebook tare da lambar wayar wanda ke kan aiki a wannan sa'a. Mutanen gari da 'yan Sudan mazauna waje su turo kuɗi ta katin waya, a canza shi, wani ya ruga kantin magani ya sayo, a miƙa wa mai shi. Ba a ba kowa kuɗi a hannu, magani ake ba shi. Sun raba dare da rana kashi-kashi, yadda ba a rasa mutum a wurin.

Da ya tambayi abokin nasa wa ya koya musu wannan tsari, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai nafir ne kawai. Ya yi masa bayani cewa a ƙauyukansu in mutum zai yi girbi ko zai ɗaga ginin ɗaki, yakan kira maƙwabta su taru su yi masa a yini guda, shi kuwa ya ciyar da su. Da ambaliya ta rushe gidaje a gefen Hartum cikin Agustan 2013 ma, da wannan sunan matasa suka fito suka yi aikin ceto. Ya tambaye shi ko suna da irin wannan a Nijeriya. Ɗan Kara ya ce suna da shi, gayya ake ce masa. Bai ƙara komai a kai ba.

Makonnin farko bai tsinana abin kirki ba. Ba ya iya karanta rubutun likitoci, bai san unguwanni ba, in an yi waya ba ya gane abin da ake faɗa sai an maimaita sau uku. Sai aka ba shi aikin da ba ya bukatar baki: riƙe jakar magani, raka tsoho zuwa ɗakin gwaji, tsayawa a layi a madadin uwar da ba ta iya barin ɗanta. Da aka gano jininsa irin wanda ake yawan nema ne, sai aka rubuta lambarsa a littafin masu bayarwa. Yana cikinsu a watan Mayun 2015 lokacin da ƙungiyar ta buɗe ɗakin kula da yara masu matsanancin ciwo da ta gina da kuɗin jama'a a wani asibitin Umdurman. Ba minista suka kira ya yanke kyalle ba, ba gwamna ba; mai shayin da suke zama a wurinta suka ba almakashi. Garin ya kwana yana maganar. Shi kuwa ya tsaya a bayan taro yana ƙoƙarin ƙiyasta yadda za a kwashe in an yi haka a Kano.

Azumin wannan shekara ya kama cikin watan Yuni, zafi ya wuce digiri arba'in, ga guguwar ƙurar da suke kira habub tana tasowa ta mai da la'asar magariba. Wani dare bayan tarawihi aka kira shi, ana neman jini domin wata yarinya mai ciwon sikila. Ya je ya bayar. Da ya fito, da auduga a lanƙwashe a hannunsa, abokinsa ya ce ya zo dangin yarinyar su gan shi, haka al'adar take. A barandar ɗakin, a kan tabarmar roba, wata dattijuwa ce zaune cikin tob mai ruwan ƙasa, irin lafayar matan Barno, yarinyar tana kwance a cinyarta, idanunta sun yi ɗorawa. Ya durƙusa, ya taɓa goshin yarinyar, bakinsa ya riga shi, ya ce sannu.

Dattijuwar ta ɗago kai ta dube shi. "Ɗan nan, kai ɗan wane gari ne?"

Abokansa uku suna tsaye a kansa. Ya ji tambayar sarai, har cikin ƙashinsa. Sai ya amsa mata da Larabci, ya ce shi ɗalibi ne daga Nijeriya, Allah ya ba yarinya lafiya. Ta ɗan yi shiru. Sannan ta mayar masa da Larabcin Sudan mai santsi, wanda ya fi nasa nesa ba kusa ba, ta yi masa godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ta sa masa albarka, ta mai da kanta ga jikarta.

A hanyar komawa wurin mai shayi abokinsa bai yi barkwanci ba. Can ya ce, "Hajiyar nan da yarenku ta yi maka magana, ko ba haka ba?" Ya ce haka ne. "To me ya sa ka bar ta ita kaɗai?" Ya ce kakarsa shi ma 'yar Nubiya ce daga arewa, har ta mutu in ta yi musu magana da harshenta a gaban mutane sai su yi kamar ba su ji ba, yanzu ga shi duk gidansu babu mai iya ƙirga goma da shi. Daga nan ya nemi a kawo musu shayi, ya shiga wata hira.

Bai yi barci ba bayan sahur. Da hantsi, alhali ba ranar aikinsa ba ce, ya hau bas ya koma asibitin. Ya same ta inda ya bar ta. Ya cire takalmi, ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce, "Iya, ina kwana. Ya mai jiki? Jiya kin tambaye ni ban ba ki amsa ba. Ni mutumin Kara ne, ƙasar Gwarzo, yamma da Kano."

Ba ta nuna ta tuna da abin da ya faru jiya ba, kuma wannan ya fi masa zafi da a ce ta yi faɗa. Ta amsa gaisuwar tiryan-tiryan, ta tambayi mahaifansa, ta tambayi damina. Hausarta ta tsofaffi ce, irin wadda ya saba ji a bakin kakarsa, sai dai asibiti mustashfa ne a wurinta, kuɗi kuma gurush. Ta ce a ƙauyen Jazira aka haife ta, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Mahaifinta ya baro wani gari mai marina a ƙasar Kano da niyyar hajji, ya tsaya tsinkar auduga domin ya cika kuɗin jirgin ruwa, aure ya same shi, 'ya'ya suka zo. Har ya rasu yana cewa baɗi za su ƙarasa Makka, daga can su koma gida. Sai ta tambaye shi wane ne sarki a Kano yanzu. Ya ce Sanusi.

"Ikon Allah! Har yanzu shi ne? Ai a zamaninsa babanmu ya fito."

Ya ce a'a, wancan ya bar sarauta tun 1963, wannan jikansa ne, bara aka naɗa shi. Ta riƙe haɓa tana jinjina kai, kamar an ba ta labarin wani na gidansu. Ya kawo mata maganar wan kakarsa, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da kamanninsa yadda aka siffanta masa. Ta yi tunani, ta ce ba ta san shi ba, wanda ya fito zamanin Sarki Alhaji ya girmi tafiyar babansu. Amma a unguwar Mayo, inda take zaune wurin ɗanta, akwai tsofaffi da ke zama a ƙofar masallaci bayan la'asar, ba a rasa mai tuna wani abu. In an sallame su ya zo a kai shi.

Ya je ranar uku ga sallah, cikin a-daidaita-sahun da suke kira raksha, ledar mahaifiyarsa a kan cinyarsa. Tsofaffin ƙofar masallaci suka yi ta juya sunan a tsakaninsu. Wani ya ce ya san mai irin sunan a Gadarif, amma Bazazzagi ne; wani ya ce a bincika Mai Wurno; wani ya ce mutanen wancan zamani da yawa sun haye Bahar Maliya ba su dawo ba. Ba a tashi da komai ba. A cikin gida kuwa, da dattijuwar ta kwance leda ta farko da ta biyu, tun kafin ta kai ga ta uku ta kira surukarta da maƙwabta mata biyu su zo su shaƙa. Suna yin tasu daddawar a nan, in ji ta, amma ta kalwa irin wannan rabonta da ita tun wani alhaji da ya sauka a gidansu tana amarya. Ta gutsura ta raba musu, ta ƙulle sauran a bakin mayafi, ta ce ba zai tafi ba sai ya ci tuwon dare.

Da daddare ya kira wayar ƙaninsa a Kara, ya ce a kai wa kaka. Ya gaya mata ya tambaya, har unguwar Hausawa ya je, ba a dace ba tukuna, amma an ba shi sunayen garuruwa biyu. Ya ba ta labarin dattijuwar da jikarta da maganar sarki. Layin yana yankewa yana dawowa, sai da ya maimaita wasu wuraren. Tsohuwa ta saurara har ya gama, sannan ta tambaye shi ko matar tana da wanda ke kawo mata goro. Ya ce bai tambaya ba. Ta ce to ya tambaya, in akwai mai zuwa cikin ɗaliban Gwarzo bayan babbar sallah za ta ba da ƙwarya guda a kai mata, da wata daddawar.